Gorar rara ko tanki mai matsi: wanne ya dace da motar da ka haɗa da hannunka?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan matashin da ke haɗa mota da hannunsa a garin nan na Bauchi ya san inda hankalinsa yake tafiya. Watanni sukan ƙare a kan walda, da daidaita ƙafafu, da neman injin da zai zauna a kan shasi, da gardamar launin fenti, sai ranar da za a fara tayar da inji sannan a tuna cewa akwai wani ɗan siririn bututu a wuyan lagireto wanda ba a yi masa tanadin inda zai je ba. A nan ne ake ɗauko gorar ruwan sha ta roba, a huda murfinta da ƙusa, a ɗaure ta da waya a jikin ƙarfe, a ce an gama. Garin da kamfanin Steyr ya yi shekaru yana haɗa manyan motoci da taraktoci bai rasa masu hannu ba, kuma a cikin ɗaliban injiniya na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da na kwalejin fasaha ta tarayya da ke Gwallameji akan samu masu gwada wannan aiki. Wanda ya ɗora injin babur ko na Keke Napep, irin wanda iska ke sanyayawa, wannan magana ba ta shafe shi ba. Amma wanda ya ɗora inji mai ruwa, wannan ɗan mazubi da aka bari sai ƙarshe yana cikin abubuwan da za su raba tsakanin hawa Jos lafiya da ƙone gaskit, wato shimfiɗar da ke rufe mahaɗin kan inji da gangar jikinsa, kafin a kai Nabordo.

Dalilin da ya sa ake buƙatar mazubin tun farko shi ne ruwa yana ƙara girma idan ya yi zafi. Daga sanyin safiya zuwa bakin tafasa, ruwa zalla yana ƙaruwa da wajen kashi 4 cikin 100, idan kuma an gauraya shi da kulan, wato ruwan magani mai launi da ake zubawa a lagireto, rabi da rabi ƙaruwar takan ɗan haura haka. Injin da ke cin lita 8, idan an haɗa da lagireto da tiyoyinsa, zai samar da rarar da ta kai wajen sulusin lita duk lokacin da ya ɗauki zafin aikinsa, kuma ruwa ba ya matsuwa kamar iska, dole ne wannan rara ta sami wurin zuwa. Tsofaffin motoci sun warware matsalar ta hanya mafi sauƙi: ana barin fili kamar faɗin yatsa biyu a saman lagireto, abin da ya wuce nan kuma ya bi bututu ya zube ƙasa. Shi ya sa direbobin da suka saba da su ba sa fita da safe sai sun buɗe bonet sun ƙara ruwa. Motocin da suka biyo bayansu sun rabu gida biyu. Na Japan, irin su tsofaffin Corolla da Camry da Honda Accord, sun fi amfani da gora marar matsi da ke karɓar rarar ta kuma mayar da ita. Na Turai, irin su Golf da Sharan da Vectra da Marsandi, sun fi amfani da tanki wanda shi kansa yana cikin matsi. Makanikai kan kira duka biyun da gora, kuma daga wannan haɗa suna ne kuskure da yawa ke farawa, domin aikinsu ya bambanta ƙwarai.

Kafin a kwatanta su sai an fahimci murfin lagireto, domin a kansa komai ya rataya. Ba marufi ba ne kawai, bawul biyu ne a cikinsa. Na farko yana da sifirin mai ƙarfi, yana riƙe ruwa a cikin matsi har sai matsin ya kai lambar da aka buga a bayan murfin, wadda a motocin Toyota yawanci 0.9 ce ko 1.1 a ma'aunin bar, wani lokaci a rubuta 88 ko 108 kPa, a motocin Turai da yawa kuma takan kai 1.4. Na biyu ɗan ƙarami ne a tsakiya, yana buɗewa ta ciki lokacin da inji ya huce ruwa ya tsuke. Amfanin matsin shi ne ɗaga matakin tafasa. Ruwa yana tafasa a digiri 100 a bakin teku, amma Bauchi tana sama da teku da kimanin mita 600, don haka a nan yana tafasa a wajen digiri 98, a Jos kuwa, da ke wajen mita 1,200, a wajen 96. Inji kuma yana aiki ne a kusa da digiri 90, ke nan tazarar da ke tsakaninsa da tafasa ba ta da yawa, balle a watan Maris ko Afrilu da zafin rana ke kusantar digiri 40. Murfi mai bar ɗaya yana tura tafasar ruwa zalla zuwa wajen digiri 120, na gauraye da kulan kuma ya haura 125. Motar da murfinta ya mutu ta rasa wannan tazara gaba ɗaya ko da lagiretonta sabo ne fil.

A tsarin gorar rara, murfin yana kan lagireto, kuma ana cika lagireton har wuya, ba a barin iska ko kaɗan. Idan ruwa ya yi zafi matsi ya kai lambar murfi, bawul ya ɗaga, rarar ta bi siririn tiyo ta shiga gora. Gorar ba ta cikin matsi, tana da ƙaramar ƙofar shan iska a samanta, shi ya sa robarta ba ta da kauri. Idan aka kashe inji ya huce, ruwan ciki ya tsuke ya bar gurbi, wannan gurbi ya zuƙo ruwa daga gora ya dawo da shi ta ƙaramin bawul. Duk iskar da ta taru a ƙarƙashin murfi ita ce ke fara fita a kowane ɗumi, ruwa kuma shi ke dawowa a kowane sanyi, don haka a hankali tsarin yana tsarkake kansa. Kyawunsa a bayyane yake: tiyo ɗaya ne siriri, gora kuma ana iya ɗaure ta a kowane lungu da ba ya kusa da salansa, ko da ta ɗan yi ƙasa da murfi, kuma idan ta fashe a hanya motar za ta iya kai ka gida.

Rauninsa yana wajen dawowar ruwan. Zuƙowar ba ta da ƙarfi, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ƙaramin tsagu a tiyo, ko kilif da bai kama ba, ko tiyon da bai kai gindin gora ba, ya isa ya sa inji ya zuƙi iska maimakon ruwa. Haka nan murfin kansa dole ya kasance mai roba biyu, ɗaya a ƙasa da ke riƙe matsi, ɗaya a sama da ke rufe leɓen wuyan lagireto. Murfin tsohon tsari ba shi da robar sama, yana fitar da ruwa amma ba ya iya dawo da shi. Wuyan lagireto ma ba iri ɗaya ba ne, akwai mai zurfi akwai marar zurfi, kuma murfin da ya ɗauru ba lallai ne ya danne ba. Idan ɗayan waɗannan ya faru, sakamakon yana da yaudara, domin gora za ta riƙa cika kullum, mai mota ya leƙa ya ga ruwa ya saki jiki, alhali lagireto yana ragewa kaɗan-kaɗan. Wannan ne abin da na fi jin tsoro a wannan tsari. Wanda ya zaɓe shi dole ya ɗauki al'adar buɗe murfin lagireto da sassafe, inji yana sanyi, ya ga ruwa a wuya da idonsa, kada ya dogara da gora kaɗai.

Tanki mai matsi ya bi wata hanya dabam. A nan murfin ya bar lagireto ya koma kan tankin, tankin kuma wani ɓangare ne na hanyar ruwa, matsin da ke cikin inji shi ne a cikinsa. Ana cika shi zuwa rabi ne kawai, a bar iska a sama, wannan iska ita ce ke matsuwa ta ba ruwa wuri idan ya ƙaru, ta kuma tura shi ya koma idan ya tsuke. Ruwa ba ya fita daga tsarin balle a yi fargabar dawowarsa, idan matsi ya wuce kima iska ce murfi ke saki. Bututu iri biyu ke shigarsa. Babba, mai faɗin milimita 16 zuwa 19, yana fita daga gindinsa zuwa ɓangaren da famfon ruwa ke zuƙa. Ƙanana, masu milimita 6 zuwa 8, suna tahowa daga wurare mafi tsayi, wato saman lagireto da saman kan inji, su shiga ta samansa. Muddin inji yana juyawa, ɗan ruwa yana bi ta ƙananan tiyoyin nan ɗauke da kumfar iska, ya faɗa cikin tanki, iska ta tsaya a sama, ruwa ya sauka ya koma. Gora tana fitar da iska sau ɗaya a kowane ɗumi da sanyi, kuma iskar da ta iso ƙarƙashin murfi kaɗai. Tanki yana fitar da ita a kowane lokaci, daga duk inda aka ja masa tiyo. Ga kuma matakin ruwan da ake gani a jikinsa, wanda shi ne ainihin matakin ruwan inji.

To, wanne za a zaɓa? A ganina tambaya ɗaya ce ke yanke hukunci, kuma ba ta kuɗi ba ce: mene ne ya fi komai tsayi a hanyar ruwan motarka? Iska kullum sama take nema. Idan murfin lagireto shi ne ƙololuwa, ya fi kan inji tsayi, ya fi kowane lanƙwasar tiyo tsayi, to iska za ta zo ƙarƙashinsa da kanta, gorar rara ta wadatar. Idan kuwa akwai wani wuri da ya fi murfin tsayi, iska za ta tare a can, kuma babu gorar da za ta fitar da ita komai kyawunta. A motar kamfani injiniyoyi sun riga sun daidaita wannan. A motar da aka haɗa a gida kuwa yawanci akasin haka ake samu, saboda mai ƙira yana son hancin motar ya yi ƙasa don ta yi kyan gani, sai ya sa gajeren lagireto ko ya kwantar da shi, ko kuma ya mayar da inji baya ya bar lagireto a gaba. Ba a auna wannan da ido, domin ido yana ruɗuwa a tazarar mita biyu. A aro tiyon awo na magina, wannan fari mai nuna ruwa da suke daidaita tubali da shi, a ajiye mota a kan daɓe mai daidaito, a riƙe baki ɗaya a leɓen wuyan lagireto, ɗayan a mafitar ruwa ta kan inji. Cikin minti biyar za a san gaskiya.

Na ga wannan da idona a motar da ɗan 'yar'uwata ya haɗa a wani gareji da ke Yalwa. Inji mai silinda huɗu ne na ƙaramar Toyota, ya ɗora shi a bayan kujeru, lagireto a gaba, bututun ƙarfe biyu suna bi ta ƙarƙashi. Ya sa gorar Corolla ta asali, da murfi sabo, komai tsaf. A cikin gari ba ta nuna komai ba, amma ranar da muka ɗauki hanyar Jos, allurar gejin zafi ta riƙa hawa tana sauka kamar ana wasa da ita, daga baya ta tafi sama ta tsaya. Muka faka a gefen titi, ya taɓa lagireto ya juyo ya ce, "Kawu, ai ko ɗumi bai yi sosai ba, ga gora ma a cike." A bayanmu kuwa inji yana ƙugi kamar tukunyar da aka rufe. Washegari muka kai ta wurin wani dattijo mai gyaran lagireto, ya zagaya ta sau ɗaya, ya sa hannu a kan inji, ya sa ɗaya a murfi, ya dubi yaron ya ce, "Ɗana, ka ba iska ɗaki a sama, ka kuma yi mata ƙofa a ƙasa. Ta ina za ta fita?" Da muka auna da tiyon magina, kan injin ya ɗara murfin da kusan taƙi guda. Ruwa ba ya tsami banza: iskar da ta tare a kan inji ita ce ta hana ruwa zagayawa, kuma ita ce ta riƙa ruɗa gejin, domin abin da ke auna zafin wani lokaci yana cikin ruwa, wani lokaci yana cikin tururi. Allah ya taimaka muka kashe ta da wuri, gaskit bai tafi ba.

Maganin da aka yi mata shi ne tankin Golf, wannan mai kama da ƙwallo, aka ɗaure shi a jikin ƙarfen da ke bayan kujera, matakin ruwansa ya ɗara kan inji da kamar santimita 10. A wajen haɗa babban tiyon ne aka fi yin kuskure, don haka zan tsaya a kai. Dole ya shiga ɓangaren zuƙa na famfo, inda matsi ya fi ko'ina ƙaranci. Idan aka haɗa shi da tiyon sama, inda famfo ke turo ruwa, to a lokacin da aka taka inji sosai turin famfo zai haɗu da matsin zafi ya ɗaga murfi, mota ta riƙa amai alhali ba ta yi zafi ba. Haɗa shi a ɓangaren zuƙa kuma yana kare famfon kansa, domin idan matsi ya faɗi a bakinsa ruwa kan yi ƙananan kumfa da ke fashewa a jikin fukafukansa suna cin su a hankali. Akwai ƙarin abin lura: a injunan Toyota da Honda da yawa, tamostat, wato bawul ɗin da ke tare hanyar lagireto har sai ruwa ya yi zafi, yana zaune ne a mashigar ruwa ta ƙasa, don haka tiyon ƙasa na lagireto yana rufe daga famfo har sai inji ya yi zafi. A irin waɗannan, wurin da ya fi dacewa shi ne bututun dawowar ruwan hita, wanda yake shiga tsakanin tamostat da famfo. Da yake mu nan hita ba ta dame mu ba, yawanci an riga an toshe wannan bututu ko an juya shi, yana nan yana jira.

Ƙananan tiyoyin kuma su zama ƙanana da gaske. Duk ruwan da ya bi ta kansu daga kan inji ya tsallake lagireto ne, yana komawa famfo da zafinsa, don haka idan aka sa mai faɗi an buɗe wa zafi gajeriyar hanya. Su riƙa hawa sama a hankali har tanki, kada su yi ciki a tsakiya. A mota mai inji a baya, lagireton gaba yana buƙatar nasa siririn tiyo mai dawowa har tanki, ko aƙalla ƙusar fitar da iska a samansa wadda za a sassauta lokacin cika ruwa.

Girman mazubi lissafi ne, kuma a nan masu dogon bututu ke mamaki. Bututu mai faɗin milimita 32 a ciki yana ɗaukar kusan lita 0.8 a kowace mita. Biyu masu tsawon mita biyu da rabi kowanne sun ƙara lita 4, ke nan injin da a motarsa ta asali yake cin lita 6 ya koma 10, rararsa kuma ta kai rabin lita. Ga gorar rara abin da sauƙi: mai cin lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a zuba mata ruwa zuwa kashi ɗaya cikin uku a sanyi, yadda bakin tiyo zai kasance a nutse kullum kuma akwai fili a sama. Ga tanki kuwa filin iska ne ke da muhimmanci. Idan iskar lita ɗaya ce ruwa ya cinye rabinta, matsinta ya ninka, wato ya kai bar ɗaya tun kafin a lissafa ɗumamar iskar da tururin da ke tashi. Saboda haka filin iska ya zama aƙalla ninki biyu na rarar, wanda ga tsarin lita 8 zuwa 10 yana nufin tanki mai cin wajen lita biyu a cike zuwa rabi. Wanda ya cika shi fal don yana ganin yawan ruwa alheri ne zai ga yana zubarwa har sai ya sauko inda ya kamata. Sau da yawa zubarwar tana zuwa ne bayan an kashe inji, lokacin da famfo ya tsaya amma ƙarfe yana ci gaba da sakin zafinsa cikin ruwan da ba ya motsi.

Ta fuskar kaya da kuɗi, gora ce ke gaba nesa ba kusa ba. Kowane mai sayar da kayan gyara yana da ita, na Beljiyam ma suna nan a warwatse, kuma ko tsohuwa ce tana aiki muddin ba ta yoyo. Tanki ba haka yake ba, domin yana ɗaukar nauyin da mutane ba sa zato. Matsin bar 1.1 ya yi daidai da kilo ɗaya da ɗoriya a kan kowane murabba'in santimita, don haka bango mai faɗin santimita 15 da tsawon 20 yana ɗauke da fiye da kilo 300. Wannan ne ya sa tankin Golf yake zagaye, wannan ne kuma ya sa gorar rara, balle gorar ruwan sha, ba za ta taɓa maye gurbinsa ba. Tsohon tankin roba da ya yi shekaru yana shan zafi yakan yi rawaya ya bushe, ya tsage a wurin haɗi ko a gindin bututu, kuma ranar da ya fashe ruwan inji duka ne zai bi ta nan. Idan za a sayi na hannu, a ɗaga shi a rana a nemi siraran tsagu, a matsa bakin bututunsa da yatsa, a saya masa sabon murfi irin nasa. Idan kuma za a ba mai walda ya ƙera, ya zama na alminiyam, a mulmule kamar gwangwani maimakon akwati mai kusurwa, a gwada shi da famfon iska a cikin baho kafin a ɗaura. Baƙin ƙarfe zai yi tsatsa ta ciki a wurin da iska da ruwa suka haɗu, tsatsar kuma lagireto za ta je ta toshe. Na ƙarfe yana da aibi guda, ba a ganin ruwa ta jikinsa, sai an buɗe a sanyi.

Lambar murfi kuma ta bi abu mafi rauni a tsarin. Murfin tankin Turai mai 1.4 a kan tsohon lagireton tagulla da aka sha liƙewa da dalma, ko a kan tiyoyin da aka harhaɗa daga motoci daban-daban, gayyatar yoyo ne. Idan injin da lagireton na Japan ne, ya fi kwanciyar hankali a zauna kusa da 1.1, ko kuma a tabbatar lagireto da tiyoyi sababbi ne kafin a ɗora musu fiye da haka.

Akwai masu haɗa tsarin biyu, kuma akwai haɗin da ya halatta da wanda bai halatta ba. Wanda ya halatta shi ne a sa ƙaramin tanki ko wuyan cikawa a wuri mafi tsayi, a cika shi fal, a sa masa murfi mai roba biyu, a ja rararsa zuwa gora. Wannan tsarin gora ne da aka ɗaga murfinsa sama, kuma yana da amfani inda babu filin babban tanki a ƙarƙashin bonet. Wanda bai halatta ba shi ne barin murfi mai bawul guda biyu suna aiki tare, ɗaya a lagireto ɗaya a tanki. Mai ƙaramar lamba shi zai riƙa buɗewa, idan kuma na lagireto ne, wanda yake ƙasa, ruwa zai zubar maimakon iska, sannan a sanyi ya zuƙo iska ta wurin da ba a so. Idan an koma tanki, a rufe wuyan lagireto da murfi marar bawul, ko mai gyara ya liƙe shi.

Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Wanda ya bar inji a gaba, ya yi amfani da lagireton da ya zo da injin, ya kuma auna ya ga murfi ne a sama, ya sa gorar rara ya huta, ƙarin tiyoyi da mahaɗai ba za su ƙara masa komai ba sai wuraren yoyo. Wanda kan injinsa ya yi daidai da murfi ko ya ɗara shi, ko lagiretonsa a kwance yake, ko inji da lagireto suna gefe daban-daban na motar, tanki mai matsi ne nasa ko da ya fi tsada ya kuma fi wahalar haɗawa. Daga abin da nake gani a motocin da ake haɗawa a gida, na biyun sun fi yawa.

Ko wanne aka ɗauka, abubuwa biyu da muka saba yi suna lalata shi. Na farko cire tamostat da sunan ƙasarmu da zafi. Tamostat yana buɗewa ne a tsakanin digiri 82 zuwa 88 a yawancin injuna, kuma idan zafi ya kai nan a buɗe yake, ba shi ke hana sanyi ba. A injunan da yake rufe hanyar zagaye ta ciki idan ya buɗe, cire shi yana barin wani kaso na ruwa yana yawo a cikin inji ba tare da ya je lagireto ba. Na biyu zuba ruwan rijiya ko na burtsatse zalla, wanda ke barin farin dutse a cikin siraran hanyoyin lagireto ya kuma ci alminiyam ɗin kan inji, ga shi yana daskarar da ƙaramin bawul na murfi, wanda alamar mutuwarsa ita ce a tarar da tiyon sama ya lotse da safe. Kulan ba don ƙanƙara kaɗai aka yi shi ba, yana ɗauke da maganin tsatsa, kuma launinsa yana tona yoyo. Sai dai guba ne mai ɗanɗanon zaƙi, don haka kada a bar shi a buɗe a tsakar gida inda yara da awaki ke kai da komo. Murfi kuwa ba a buɗe shi da zafi ko da tsumma, domin ruwan da matsi ya riƙe a sama da digiri 100 yana juyewa tururi nan take idan aka sake shi.

Bayan an gama haɗawa, a cika ruwa a hankali, wurin cikawa yana sama, a tayar da inji murfi a buɗe har tiyon da ke sanyi ya ɗauki zafi, alamar tamostat ya buɗe, a ƙara abin da ya ragu, a rufe, a zagaya da ita. Washegari da sassafe a ja layi da alƙalami a jikin gora ko tanki daidai matakin ruwa. A gora, ruwa ya hau sama da layin idan mota ta yi zafi, ya dawo kansa idan ta kwana. Idan yana hawa ba ya dawowa, a duba siririn tiyo da robar saman murfi. A tanki, saukar kwana biyun farko iska ce ke fita, a cike gurbinta, amma daga rana ta uku ya kamata ya tsaya. Idan kuwa kumfa tana fitowa ba ƙaƙƙautawa inji yana aiki, ko tiyon sama ya kwana da tauri kamar tayar keke, to matsalar ta wuce mazubi, hayaƙin silinda ne ke shiga ruwa, sai a duba gaskit kafin a sake ɗaukar hanyar Jos ko ta Gombe.